Babur Ɗin da Ya Hana Ɗanasabe Gaisuwa

In dai gaisuwa ce, a Yako ba a yi kamar Ɗanasabe ba. Mutum ne da zai fito da hantsi da niyyar gona, rana ta take bai isa ba, don ko akuya ya gani a ɗaure sai ya tsaya ya tambayi lafiyar mai ita. Hannu biyu yake ba ka, ya riƙe naka gam, ya tambaye ka iyali, ya tambaye ka ciwon bayan da ka yi bara wanda kai kanka ka manta da shi. Masu sauri in sun hango shi sai su sake lungu. Amma duk garin ana son sa, wannan ba a musu.

To, shekaru sun fara ja, gwiwarsa ta dama ta fara yi masa tsiya. Bai faɗa wa kowa ba. Ina! Ɗanasabe da ya yi tashen kokawa a samartaka, shi ne zai buɗe baki ya ce gwiwa? Sai ya sayar da masara ya je garin Ƙofa ya sayo babur na hannu, ya ce wai don kai amfanin gona kasuwa ne. Babur ɗin ba laifi, illa dai sitatarsa ta daɗe da mutuwa, sai an taka kik. Da yake gidansa a kan tudu yake, bai damu ba. Da safe sai ya hau ya gangara, ya saka giya, injin ya kama da kansa.

Ana nan man fetur ya yi tashin da ya yi. Wata rana a teburin mai shayi ya ji wani ɗan acaɓa yana cika baki, wai shi mai ba ya damun sa, don ya rage wa babur ɗinsa silo. Silo kuwa shi ne ɗan gurnanin nan da injin yake yi shi kaɗai in an tsaya, ba a murɗa totur ba. Ɗanasabe bai yi wata-wata ba. Yana komawa gida ya tsuguna, ya nemo ɗan sukurun da ke jikin kabureta, ya sa bakin wuƙa ya yi ta warware shi, yana murmushi kamar wanda ya tsinci kuɗi.

Daga ranar babur ya koyi mugun hali. Muddin hannun Ɗanasabe na dama yana kan totur, lafiya lau. Yana saki, sai ka ji fat, fat, ɗif. Ya mutu. Kuma fa hannun dama shi ne hannun gaisuwa.

Za ka ce me ya hana shi barin babur ɗin ya mutu, ya gaisa, sannan ya tayar? Ai ya gwada. A bakin kasuwa ya tsaya ya gaisa da liman, da ya zo taka kik gwiwar ta ƙi, ta lanƙwashe, sai ga Ɗanasabe a ƙasa babur a kansa, hularsa can gefe. Ya miƙe yana cewa santsi ne, alhali rabon garin da ruwa an kwana biyu. Tun daga nan ya rantse a ransa ba zai ƙara bari injin ya mutu a gaban jama'a ba. Sai ya koma wuce mutane fuuu, yana ɗaga musu hannun hagu.

Hannun hagu, jama'a! Gari ya ɗauka. Aka ce Ɗanasabe ya yi babur ya fi ƙarfin mutane. Aka ce dama can gaisuwar tasa ta rashin abin hawa ce.

Duk wannan da sauƙi, da abin bai faɗa kan Dikko ba. Dikko Bafulatani ne makiyayi, rugarsu tana bayan gari, kuma amininsa ne tun suna yara, tun lokacin da Ɗanasabe yake kayar da shi a yashin rafi shi kuma yana ramawa da sanda. Duk kaka in an gama girbi, Dikko yakan kawo shanunsa su zauna a gonar Ɗanasabe, su ci kara su bar masa taki. Gonar jigawa ce, in ba kashin shanun nan ba ko ƙaiƙayi ba ta bayarwa, takin zamani kuwa ba na bakin Ɗanasabe ba ne. Ba su taɓa yin ciniki a kai ba. Abu ne da suka gada daga iyayensu.

Ranar kasuwa Dikko yana tafe a ƙasa tare da surukansa da suka zo daga Doguwa, ya hango babur. Ya ce musu, "Ga aminin nan nawa da nake ba ku labari." Ya rataya sandarsa a kafaɗa, ya fito tsakiyar hanya ya miƙa hannu biyu. Ɗanasabe ya gan shi sarai. Zuciyarsa ta ce tsaya, gwiwarsa ta ce kul. Ya kauce, ya ɗaga hagu, ya wuce ya bar dattijo da hannuwa a miƙe a gaban surukai.

Bayan kwana kaɗan Inna, matar Dikko, ta kawo nono gidan. Ta sauke ƙwarya, ta ƙi zama, ta ce wa Maimuna matar Ɗanasabe, "Bana dai shanu gonar maƙwabcinku Mas'ud za su. Ya ce in faɗa muku kada ku jira."

Da Maimuna ta faɗa masa, tuwon da ke hannunsa bai kai baki ba. Wallahi ba takin ne ya fara zuwa ransa ba, hannuwan nan biyu ne da ya bari a hanya. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ya yi kuka.

Maimuna ta ce, "Malam, ka kawo babur ɗin nan in duba. Tun ranar da ka sa masa wuƙa nake jin numfashinsa ba daidai ba."

"Ke kuma me kika sani a babur?"

"Inji ai inji ne."

Tana da gaskiyar faɗa, don ita ke da injin markaɗen unguwar, shekara da shekaru, kuma ba ta kiran bakanike sai abin ya gagara. Amma Ɗanasabe ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Washegari da sassafe, injin ko ɗumi bai yi ba, ya sake ɗauko wuƙarsa ya ɗaure sukurun nan har ƙarshe. Ya gangara, babur ya kama da wata irin ƙara, kaji suka watse. Ya saki totur, bai mutu ba. Ya ce, "Yawwa!" Ya nufi ruga.

Kafin ya isa, duk giyar da ya saka sai ta yi ƙaras, babur ya zabura kamar an tsikare shi. Zafin injin yana dukan ƙaurinsa. Ya shiga ruga ana tatsa, ya tsaya, ya saki hannu ya miƙa wa Dikko, injin kuwa yana ta kururuwa shi kaɗai. Yana ta "Ina kwana! Ina gajiya!" babu mai jin sa. Saniyar da Inna take tatsa ta yi harbi ta kifar da ƙwarya, maruƙa suka tsinke igiya, garke ya bazu cikin daji. Dikko ya dube shi sau ɗaya, ya matso daf da kunnensa ya ce, "Wulaƙancin hanya bai ishe ka ba, sai ka biyo ni gida?" Ya ɗauki sanda ya bi shanunsa.

Ɗanasabe ya dawo gida babur yana warin ƙauri, salansa ta yi jawur, man da ya yi ta tattali ya kusa ƙarewa. Ya jingine shi ya zauna a dakali, ya yi tagumi. Maimuna ta kashe injin markaɗenta, ta goge hannu a zani, ta fito da sifana da sukudireba. Wannan karon bai hana ta ba.

Sai da ta bari injin ya huce, sannan ta kwance fulogi ta nuna masa. Baƙi ƙirin, ya yi kitse da toka. Ta ce, "Ka ga aikin rage silonka. Injin da ba ya juyawa yadda ya kamata ba ya ƙone mai da kyau, baƙin mai ma ba ya zagaya shi sosai. Na yau kuwa dafa shi ka yi. Da ka ƙara nisa da sai dai a sauke injin gaba ɗaya." Ta goge fulogin tas, ta duba baƙin mai ta ga ya yi ƙasa, ta ƙara masa daga na injinta. Ta warware sukurun zuwa tsaka-tsaki.

"Hau ka zaga unguwa ya yi ɗumi. Ba a saita silo injin yana sanyi."

Ya zaga ya dawo. Ta miƙa masa sukudireba ta ce shi zai murɗa, ita za ta saurara. Ta tsuguna ta karkata kai.

"Rage kaɗan. Kaɗan na ce, Malam, ba murɗa wuyan kaza ba ne. Ƙara rage. Tsaya, ka ji ya fara shaƙewa? Mayar masa kaɗan."

Ya mayar. Sai gurnanin ya daidaita, tuf, tuf, tuf, a hankali, babu rawa babu haki, kamar numfashin jaririn da ya ƙoshi. Ta murɗa totur ta saki, injin ya tashi ya dawo ya zauna inda yake. Ta sake yi, ya sake dawowa.

"Sakar masa hannu."

Ya saki. Ya ɗaga hannuwan biyu sama. Babur ya ci gaba da abinsa. Ɗanasabe ya fashe da dariya har da ƙwalla, ya ce, "Kai, Maimuna, Allah ya yi miki albarka!"

Ta ce, "Amin. Saura gwiwar. Ita ba ta da sukuru, faɗa za ka yi."

Washegari da hantsi labari ya zo cewa Dikko ya taso da shanu. Ɗanasabe ya gangara ya bi su, ya same su daidai mararrabar da hanya ta rabu, ɗaya ta yi gonar Mas'ud, ɗaya ta yi tasa. Na gaba har sun fara karkata wajen Mas'ud. Ya shiga cikin garken a hankali, babu saniyar da ta ko ɗaga kai. Ya tsaya a gaban Dikko, ya mayar da giya furi, ya sauke ƙafa. Sannan ya cire hannun dama daga totur, ya haɗa da na hagu, ya miƙa.

"Salamu alaikum, Dikko."

Dikko ya amsa sallamar, don ba a ƙin amsa ta, amma hannunsa yana kan sanda. Ya dubi hannuwan, ya dubi babur, yana jira ya ji ɗif ko ya ji kururuwa. Tuf, tuf, tuf. Ɗanasabe bai janye ba.

"Gwiwata ce, Dikko. Ta mutu. In babur ya tsaya ba na iya tayar da shi, kunya ta hana ni faɗa. Ka yafe ni."

Dikko ya yi tsaki. "Kai dai Kaɗo ba ka da wayo. Ni da nake gane saniya mai ɗingishi tun daga bayan rafi, kai ne za ka ɓoye min gwiwa? Tun bara na gani. Jira nake ka faɗa in kawo maka man shafawa." Ya jefar da sandar, ya kama hannuwan nan biyu da nasa biyu.

To fa, nan aka buɗe gaisuwa. Dikko ya tambayi Maimuna, ya tambayi 'yarsu Mubaraka da ke aure a Tudun Wada, da mijinta, da yaranta ɗaya bayan ɗaya. Ɗanasabe ya tambayi Inna, da surukan Doguwa, da ƙwaryar da ta kife, da saniyar da ta yi harbi. Da gangan Dikko yake jan abin, yana satar kallon injin, ya ga ko zai gaji. Ya koma Fulatanci ya sake ɗaukowa daga farko, Ɗanasabe yana amsawa da "Jam, jam," iyakar abin da ya iya ke nan. Babur ko gezau. Wata farar saniya ma ta matso ta lashi sirdin, ta yi gaba.

Daga ƙarshe Dikko ya saki hannu ɗaya, ya juya ya yi wa shanunsa kira. Na gaba suka tsaya, suka juyo, garken duka ya karkata ya kama hanyar da ya saba bi duk shekara. Ɗanasabe ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji.

Dikko ya bar shanun da masu kora, ya ɗauki sandarsa ya haye bayan babur, ya ce, "Mu je mu riga su, in ga inda za a kafa turke."

Ba su riga su ba. Kafin su fita daga mararrabar sun haɗu da liman, Ɗanasabe ya tsaya ya ba shi hannu biyu. Gaba kaɗan ga mai shayi, ga masu dawowa daga rafi, ga Mas'ud kansa, wanda sai da aka ba shi haƙuri aka kuma tambayi lafiyar tsohuwarsa. Dikko yana baya yana ta zungurinsa da sanda yana cewa, "Kai, da na sani da a ƙasa na tafi!" Sai da rana ta take suka isa gona, suka tarar shanun sun daɗe da zuwa, har sun kwanta suna tuƙa.