Akwatin da Bai Iso Gaɓa Ba

Taɓo ya kai wa Shaame masunci har cinya kafin ya isa gindin jirgin gwamnati. Teku ta janye tun da hantsi, ta bar jirgin a karkace nesa da gaɓa. A ciki Malam Vuai, jami'in ilimi na gunduma, ya rungume akwatin takardun jarrabawa yana ta duba agogo.

"Yallaɓai, miƙo shi in ɗora a kai. Minti ashirin mun isa makaranta."

"Takardun gwamnati a kan masunci? Doka ta ce ba sa barin hannuna."

"To sauko mu tafi tare, zan riƙe ka."

Malam Vuai ya dubi taɓon, ya dubi takalminsa mai sheƙi, ya kawar da kai.

Sau uku Shaame yana tsallakawa zuwa babban tsibirin Pemba, takanas don ya gaya wa mutumin nan cewa ranar jarrabawa wata ya cika, ruwa zai janye sai azahar, don haka a taso da asuba. Zuwan farko aka ce ya kawo a rubuce. Na biyu aka ce takardar ba hatimi. Na uku Malam Vuai ya yi dariya har da buga tebur.

"Baba, ofis sai bakwai da rabi yake buɗewa. Jadawali daga sama ya zo, kuma ban ga teku a cikinsa ba."

To yau ga teku nan, ta shigo jadawali ba sallama.

Shaame ya waiwaya. Daga nan yana hango tagogin aji, da fararen hijabai cike da su. Mwatima na cikinsu, autarsa, wadda ta sha alwashin zama unguwarzoma ta farko a ɗan tsibirinsu. Jarrabawar nan sau ɗaya ake yin ta a shekara.

"Don girman Allah, yallaɓai. Yara ashirin da uku ne."

"Lokaci ma ya wuce," in ji Malam Vuai, ya ajiye akwatin ya zauna a kai.

* * *

Da azahar ruwa ya dawo, kamar yadda ya saba tun kafin a gina ofis. Jirgin ya ɗago, ya juya, ko gaɓa bai taɓa ba. Mwatima ta iso gida ta ajiye fensir biyu da ta feƙe jiya. Rogo da kifin da aka rufe mata har ya huce ba ta buɗe ba.

* * *

Da sakamako ya fito, gaban kowane suna an rubuta: bai halarta ba. Wasiƙa ta biyo baya, da hatimi har biyu, cewa iyayen tsibirin ba su san darajar ilimi ba, za a zo a wayar musu da kai. Shaame ya sa aka karanta masa sau biyu, don da farko ya zaci kunnensa ne.

Ana gobe taron yana gyaran komar kamun kifi a bakin gaɓa, wayarsa ta yi ƙara. Malam Vuai ne.

"Baba Shaame, ya gida? Kai ne masanin teku. Ƙarfe nawa ya kamata mu taso gobe? Da manyan baƙi zan zo."

Shaame ya dubi teku: gobe ma ruwa zai janye sai azahar, kamar ranar jarrabawa. Can cikin taɓo Mwatima na duƙe tare da matan gari tana tsinkar ciyawar teku. Ta ɗaure hijabin makaranta a ƙugu, farinsa duk ya tafi.

"Bayan azahar," ya ce, ya kashe wayar.