Layi Uku, Rami Ɗaya

Mai shagon ya ce amfilifayar, wato na'urar ƙara sautin jita, layi uku gare ta, Na-baya kuwa bai tsaya jin sauran bayani ba, ya saya. Ai su ma su uku suka rage: shi, da Yatsu mai jitar gaba, da Gudum mai jitar bes. Shekara ashirin da biyu suka yi suna kiɗa a zauren wani otal, kafin a ce an gode, a maye gurbinsu da kwamfuta. Mai ganga da mawaƙinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shi kuwa a bayan kowa yake tsayawa yana riƙe musu kari, shi ya sa sunan ya bi shi, har marigayiya matarsa da shi take kiransa in ta so tsokana.

Burinsa ɗaya ne, kuma ba wani babba ba: su ukun su sake kiɗa tare, ko sau ɗaya, a ɗakinsa na hawa na biyu, inda yanzu in ba firji ba babu mai yi masa magana.

Ko kwalin bai buɗe ba ya buga musu waya. "Ranar Asabar, ƙarfe huɗu. Kada ku ɗauko komai sai jita. Na samo mana injin da zai ɗauke mu duka." Ya san dukansu sun daɗe da rabuwa da nasu kayan sautin. Gudum ya ce to, za a gani. Yatsu kuwa ya ce zai zo.

Sai ran Laraba ya yanke kwalin. Ga ta nan baƙa, da nauyi kamar buhun siminti, mamurɗai a jere reras. Ya nemi inda ake cusa wayar jita. Rami ɗaya. Ya sa tabarau, ya sake dubawa, ya leƙa baya. Rami ɗaya dai.

Ya sauka ya kirawo mai gyaran rediyo da ke ƙasan benen. Mutumin ya duba, dariya ta taso masa, ya ga fuskar tsohon, ya haɗiye ta.

"Baba, layi ukun nan ba mutum uku ake nufi ba. Murya uku ce ta jita guda. Irin wannan don mutum ɗaya aka yi ta, ya zauna a ɗakinsa ya yi abinsa."

Kai, duniya! Wato har masu ƙera kayan kiɗa sun daina sa ran mutum zai yi baƙi. Kunya ta kama Na-baya, haushi ya biyo baya. Ya roƙi mai gyaran ya yi masa dabara. Shi kuma ya ce zai haɗa masa ɗan akwati mai rami uku, sautin zai ɗan dagule amma zai fita.

Da Na-baya ya koma shi kaɗai ya kunna ta, niyyarsa ya samo mata aibu. Ba ta ce uffan ba sai da ƙwayayen gilashin da ke cikinta suka yi ja, ɗumi ya fara tasowa. Ya jona jitarsa, ya taɓa tsirkiya. Layin farko garau yake, har motsin yatsa a kan waya ana ji, kuskure ko kaɗan ba ta rufa wa mutum asiri. Na biyu da ɗan kaushi, ka taɓa a hankali ta yi ladabi, ka matsa mata ta yi maka tsiwa. Na uku kuwa gurnani ne zalla, ko da ya rage ƙarar yadda matar maƙwabci ba za ta buga bango ba. Wannan muryar Yatsu ce sak. Ya yi sauri ya koma na farko. Abin haushin, bai samu aibun ba.

Ran Asabar ya share ɗaki, ya aro kujera ɗaya, ya jera uku, ya ajiye ɗan akwatin a tsakiya. Huɗu saura kwata Gudum ya bugo.

"Na-baya, ka yi haƙuri, gwiwa ta ƙi. Kuma jikoki sun karya wuyan jitar tun yaushe. Mu bar wa na baya mana." Ya yi dariyar wasan da ya yi da sunan, shi kaɗai.

Huɗu da rabi Na-baya ya ji ana hawowa, taki ɗaya, a huta, taki ɗaya. Ya buɗe ƙofa. Yatsu ne, 'yarsa na riƙe da shi, sanda a hannun dama. Babu jita. Hannun hagu, wanda yake danne tsirkiya da shi, yana rataye kamar ba nasa ba.

"Tun bara," in ji Yatsu. "Shanyewar ɓarin hagu. Rufe bakinka, ƙuda zai shiga."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Da na faɗa, dubiya za ka zo. Ni kuwa gayyatar kiɗa nake so a yi mini."

'Yar ta zaunar da shi ta ce tana mota. Na-baya ya sa ƙafa ya tura ɗan akwatin ƙarƙashin gado. Yatsu ya gani. Ya shiga tonon kwalin da sandarsa, har ya jawo wani faifan ƙarfe mai maɓalli uku, yana cikin ledarsa.

"Ɗan ƙauye! Ka sayi abu ba ka san kayan cikinsa ba. Wannan da ƙafa ake taka shi, a sauya layi. Jona shi, ka ajiye mini nan. Ƙafar dama lafiyarta ƙalau."

Na-baya ya jona, ya ɗauki jita, ya kama karin da suke buɗe fage da shi a otal. Ya zaga sau ɗaya, sau biyu. Daidai inda Yatsu ya saba shigowa, ƙafar ta sauka, ƙas! Amfilifaya ta yi gurnani. Na-baya ya daskare.

"Shiga mana! Wa kake jira?"

Ya shiga. Bai taɓa kaɗa wannan wurin ba a rayuwarsa, amma yatsunsa sun san hanya. Ya yi tuntuɓe a gaɓa ta biyu.

"Ba haka ba ne, ɗan banza. Ja tsirkiyar sama, ka riƙe, sai ta yi kuka. Sake!"

Suka sake. Sau shida suka sake. A na shida Yatsu bai zage shi ba, ya dai rufe ido, yana taka faifan a kan kari, ya mai da Na-baya layin farko, ya sake tura shi na uku. Matar maƙwabci ta buga bango, babu wanda ya kula ta.

"Ashe ka iya," in ji Yatsu.

"Shekara ashirin da biyu ina bayanka, me kake so in ji?"

Aka yi hon a ƙasa. 'Yar ta hawo. Na-baya ya ce to sai Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ta dubi mahaifinta.

"Baba bai gaya maka ba? Gobe zan tafi da shi can wurina. Kwana biyu ne a mota. Sallama ya zo yi."

"Surutu gare ki," in ji Yatsu. Ya miƙa wa Na-baya hannun dama, ya riƙe shi ya daɗe, sannan suka fara sauka.

Na-baya ya tsaya har motar ta sha kwana. Ya dawo ya tarar ƙwayayen suna nan da jansu. Ya zauna, ya jawo faifan gaban kujerarsa, ya kama karin daga farko. Da ya iso wurin shigowa sai ya jira. Ya zaga ya dawo, ya sake jira. Ƙafarsa na kusa da maɓallin, bai fi taƙi ɗaya ba, amma ya kasa ɗaga ta. Haka ya yi ta zagawa yana riƙe da kari, yana bar wa Yatsu wurinsa.