Gwangwanin Pi Darthuami

Hannuna yana cikin gwangwanin, na riga na damƙo shinkafar, sai na ji muryarta.

"Uwar Sangi, in kin gama ki mayar da murfin, kar ɓera ya shiga."

Na ɗauka barci take yi. Pi Darthuami, tsohuwar maƙwabciyata, tana kwance a tabarma kusa da murhun da ya kwana uku bai ga wuta ba, ko kallona ba ta yi ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Shekarar da gora ta yi fure ce. Ɓeraye suka ci 'ya'yan gorar suka hayayyafa, sannan suka faɗa wa gonakinmu na gangaren dutse, kafin girbi sun share komai. Mijina ya bi maza sun sauka kwari neman shinkafa, kwana goma sha ɗaya shiru. 'Yar shinkafar agajin da aka raba mana mako uku da suka wuce, tawa ta riga ta ƙare. Doyar daji muke tonowa mu ci. Cikin manya yana ɗauka, amma Sangi, 'yata mai shekara uku, duk abin da na ba ta sai ya dawo. Ta daina kuka ma, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Kunun shinkafa kawai cikinta zai karɓa.

A garinmu kowace mace in ta auna shinkafar tukunya takan ware damƙi ɗaya na Ubangiji, ranar Lahadi matan zumunta su bi gida-gida su tara. Ni tun watan farko na yunwa na daina, ban kuma ji kunyar kowa ba. Masu tarawar ma sun daina yawo. Tsohuwar nan ce kaɗai ba ta fasa ba. Bangon gora ɗaya ne tsakaninmu, kullum da safe ina jin ƙwayoyi suna zuba a gwangwani, raina yana ɓaci.

Na ce, "Kaka, Sangi mutuwa za ta yi."

"Na sani. Bangon nan ba ya ɓoye komai."

"To ki ba ni mana!"

"Ba tawa ba ce."

"Ta wa ce? Ba ke kika zuba ta da hannunki ba?"

"Na zuba, ta bar hannuna. Ba ni da ikon komawa in ɗebo."

Nan fa bakina ya buɗe. "Ubangiji yana ɗora tukunya ne? Dubi kanki, daga ƙashi sai fata! Kullum alherin Allah, alherin Allah, har kunnena ya gaji. Ina alherin? A cikin gwangwani yake, an rufe shi da murfi, 'yata kuma tana can kwance kamar tsumma!"

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Bakin nan naki tun kina amarya haka yake. Saki shinkafar, ki je ki kira mini Biaki. Ki ce ta zo da jakarta."

"Yau fa Alhamis."

"Ni ba zan kai Lahadi ba. Yi gudu."

Gaskiya na yi tunanin ficewa da abin da ke hannuna, ai ba ta da ƙarfin tare ni. Ban san abin da ya buɗe mini yatsu ba. Ƙwayoyi kaɗan sun manne a tafina saboda gumi, waɗannan kam ban kakkaɓe su ba.

Nu Biaki ce shugabar zumuntar mata, gidanta can saman tudu yake bayan majami'a. Sau biyu ina zubewa a hanya. Da na faɗa mata saƙon sai baiwar Allah ta shige ɗaki wai za ta sauya zane.

"Goggo, yarinya ce fa a bakin mutuwa, kike ta kwalliya?"

"Baikon Ubangiji zan karɓa," in ji ta daga ciki. "Ba na karɓarsa da zanen tonon doya."

Saura kaɗan in rufe ta da duka. Ta fito da zanen Lahadinta yana reto a jikinta don rama, muka gangaro.

Pi Darthuami ta kasa ɗaga gwangwanin. Ni na tallafa shi, ta ɗora hannunta a kan nawa, muka juye a jakar. Nu Biaki ta ɗaga jakar ta ji nauyinta, sai fuskarta ta canja.

"Darthuami, wannan ai kusan duk rabonki ne na shinkafar agaji. Me kike ci?"

"Tukunyar tsohuwa damƙi ɗaya ce. In na cire na Ubangiji, sai ruwa ya rage, in jefa ganye a ciki." Ta yi ɗan murmushi. "Ban taɓa jin an ce a rage damƙin ba."

Mako uku ina jin ƙarar nan ta bango ina tsaki, ban taɓa lura ba cewa ƙamshin shinkafa ba ya biyo bayanta.

Nu Biaki ta yi addu'a gajeriya. Da ta ce amin sai ta juyo gare ni. "Ikkilisiya ta karɓa. Uwar Sangi, buɗe zanenki." Ta juye mini duka.

Na durƙusa zan yi magana, tsohuwar ta katse ni. "Ba ki sata ba, ba kuma ni na ba ki ba. Kar ki cika ni da godiya, je ki hura wuta."

Na dama kunun ruwa-ruwa. Na ɗago kan Sangi na ɗiga mata cokali ɗaya, na zauna ina jiran ya dawo. Bai dawo ba. Na ba ta na biyu, na uku. A na biyar ta kama cokalin da hannunta ta fashe da kuka, ni ma na taya ta.

Na zuba saura a kwano na zagaya maƙwabta. Pi Darthuami ta kawar da kai. "Ba na cin abin da na bayar."

"Naki ya tafi, Kaka. Wannan nawa ne, ni ma ba ni aka yi. Buɗe baki, kar in ɗura miki kamar jaririya."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari, ta buɗe. Ta daɗe da kunun a baki, idonta a rufe, kafin ta haɗiye.

"Kai, akwai daɗi," in ji ta. "Shekara saba'in ina cin shinkafa ban san haka take ba. Kin sa gishiri?"

"Ina na ga gishiri?"

"Bar shi haka. Ya isa."

Na kawo cokali na biyu, ta riƙe bakinta. "Kai wa yarinya." Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na roƙe ta kuma. Kafin rana ta faɗa bayan dutse sai ta cika, hannunta a kan gwiwata, leɓenta da sauran danshin kunun.

Matasan gari suka haƙa kabarin suna yi suna hutawa, don ba mai ƙarfi a cikinsu. Da aka raba 'yan komatsanta, Nu Biaki ta miƙo mini gwangwanin.

Washegari na auna shinkafar Sangi a tukunya, tana zaune a bayana tana jan zanena. Na daɗe tsaye da gwangwanin a hannu. Damƙi dai ban iya ba. Na tsinci ƙwaya biyar na saki a ciki, suka yi ƙara a gindinsa, na tsaya ina sauraren bangon gora.