Taka Ce, Kelvin

A garin nan namu na masu haƙar kwal, in ka ce Bijimi ba mai tambayar ka wane. Royston Firth ke nan, mai riga lamba takwas a kulob ɗin zari-ruga na garin, ɗaya daga ƙattin gaba biyu da aikinsu shi ne su rungumi ƙwallo su afka cikin mutane da ka. Jiki kam an ba shi: wuya kamar turmi, ƙirji ya cika ƙofa. Zuciya ce aka manta ba a sa masa ba, kuma duk Yorkshire ba wanda ya san haka sai shi da abokin aikinsa Kelvin Sugden, mai lamba goma.

Kowa ya san inda ake gane namiji a wasan nan. Ana busa usur abokan karawa su bugo ƙwallo sama, ƙaramin ɗan wasa ya cafe ya miƙa wa ɗaya daga ƙattin, shi kuma ya sheƙa a guje ya tarar da ƙattin wancan ɓangaren, su ma a guje, ba wanda ya gaji tukuna. A nan hanci ke karyewa. Royston ya ɗanɗana tun yana sabon shiga, ya farfaɗo a ɗakin canza kaya yana tambayar yau wace rana ce. Daga ranar ya samo dabara. Ƙwallo na tasowa sai ya ɗan ja baya, ya daka tsawa, "Taka ce, Kelvin!" kamar mai rabon alheri. Cikin ihun 'yan kallo ba mai ji sai Kelvin.

Sauran aikin nasa bai fi wannan daraja ba. Yakan bari mutum biyu su kayar da abokin karawa, sannan ya iso ya faɗa masa da gwiwar hannu, ya miƙe yana zare ido yana huci wajen 'yan kallo, su kuwa su haukace da kiran Bijimi. Karkataccen hancin nan da ake nuna wa yara, ƙofar mashaya ce ta yi masa shi. Giɓin da yake yi wa masu hoto gadara da shi, alewa ce ta ci haƙoran likita ya cire. Shekara da shekaru a haka, jaridar gari tana kiransa mara tsoro, shi kuma yana yanke shafin yana ajiyewa ko kunya babu.

Kelvin kuwa kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa sama da kunne, kunnen ma ɗaya ya mutu. Ba mai yawan magana ba ne. Wata rana dai suna wanka bayan wasa ya ce, "Roy, wai yaushe za ta zama taka?"

"Haba mutumina, ni ƙarfina na ƙarshen wasa ne. Kai ka share hanya, ni in ƙarasa."

Kelvin ya ci gaba da cuɗa sabulu.

Sai ga ranar ritayar Bijimi ta zo, wata Lahadi da rana, ana yayyafi. Abin da ya rage masa ya bar filin nan da sunansa. An riga an yi wa hotonsa firam, an buga ƙusa a bangon zauren kulob, a jerin mazajen da suka wuce, kuma al'ada ce a ɗauki mai ritaya a kafaɗa a zaga da shi bayan wasa. Ya daɗe yana kallon ƙusar nan. Abin da ya ƙi tunawa shi ne ɗaya al'adar.

Koci Barraclough ne ya tuna masa, ɗakin na ta warin man zafi. "To Bijimi, ƙwallon farko naka ne yau. Mai tafiya shi ke buɗe wasa."

Royston ya ce, "Oga, agarata na ɗan ja tun safe."

"Ta ja ta tsinke, daga gobe me za ka yi da ita? Matarka Maureen na sama cikin 'yan kallo, tsohuwarka ma an turo ta a keken guragu. Cire haƙoran nan mu tafi."

Ya zare haƙoran robar ya sa a gwangwaninsu. A lungun fita fili ya hango Kelvin tsaye da Mick Duggan, ƙaton wancan ɓangaren, mutumin da ya kwantar da maza da dama a asibiti. Suna magana ƙasa-ƙasa, Duggan ya waiwayo ya dube shi ya yi murmushi. Shi ke nan, Royston ya gama yanke hukunci: sun haɗa baki za su kashe shi. Ya san akan ɗaga wa mai ritaya ƙafa a ƙwallon farko, amma bai taɓa yarda da zancen ba, don shi da kansa ya taɓa fasa wa wani dattijon ɗan wasa baki a ranar ban kwanansa. Yana auna kowa da kansa.

Ya ja Kelvin gefe. "Ɗan'uwa, don girman abota, yau kaɗai."

"Yau kaɗai?"

"Ka ji ni dai."

"Kai dai ka rungume ta ka ruga, tsoho. Ba abin da zai same ka."

Fili ya cika har kan katanga. Masu aikin rami sun zo da 'ya'yansu a wuya, ƙamshin kifi da soyayyen dankali na tashi. Mai lasifika, da iyayinsa, ya roƙi jama'a su yi tsit har sai Bijimi ya yi karonsa na ƙarshe, sannan a girgiza gari da ihu. Suka kuwa yi tsit. Tunda aka gina filin nan ba a taɓa jin saukar yayyafi a kan kwano ana wasa ba sai ranar.

Aka busa, ƙwallo ya tashi, Terry ɗan tsakiya ya cafe ya miƙo masa. Royston ya ji shi a hannu, jiƙaƙƙe, mai sanyi. Ya fara gudu. Ya ɗaga ido ya ga Duggan na tahowa ya ware hannuwa, bai ga komai ba bayan wannan. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu, bakinsa ya yi abin da ya saba.

"Taka ce, Kelvin!"

Har mai sayar da shayi a ƙofar fili ya ji. Ba tsawa ce ta fito ba, wata siririyar murya ce. Ya wurga ƙwallon baya, ya rufe kai da hannu biyu, ya durƙusa a cikin taɓo tun ba a taɓa shi ba. Kelvin na tsaye riƙe da ƙugu. Ƙwallon ya bugi ƙirjinsa ya faɗi, ko kallonsa bai yi ba.

Duggan ya iso da tafiya, don tun da nisa ya daina gudu. Ya tsaya a kan Royston hannuwansa a ware. "Kai, tashi mana! Rungumar ka zan yi. Abokinka ya ce in lallaɓa ka, ka tsufa." A bayansa duk 'yan wasansa sun ja sun tsaya, wasu har sun fara tafi. Tunda Royston ya sa riga, ranar ce kaɗai ba mai niyyar taɓa lafiyarsa.

Daga ɓangaren masu aikin rami wani tsoho ya ce, "Kai, tsaya! Ai ni na sha ganin bakinsa na yin haka." Wani ya maƙale murya ya kwaikwayi kiran. Dariya ta fashe, ta zagaye fili, ta koma waƙa, dubban mutane na tafi suna rera "Taka ce, Kelvin!" Royston ya nuna agararsa yana ɗingishi, ya ɗingisa da hagu, ya manta ya koma dama. Barraclough ya cire shi ba tare da ya dube shi ba.

Ya ƙarasa wasan a benci, bargo a ka. Da aka tashi jama'a suka kwararo cikin fili kamar yadda aka saba. Royston ya miƙe, ya yar da bargon, har da gyara riga, don mutum irin wannan ba ya cire rai. Suka wuce shi ta dama da hagu, suka sunkuci Kelvin.

A ɗakin canza kaya ya zauna shi kaɗai, waƙar na shigowa ta taga. Maureen ta leƙo riƙe da firam ɗin hoton, an naɗe shi da tsohuwar jarida.

"Sun ce in tafi da shi gida," in ji ta. "Ƙusar kuma a bar ta, suna da amfani da ita. Sa haƙoranka, ka zo ka tura tsohuwa."