Takalmin Usaini

Da aka ƙwanƙwasa ƙofar, Usaini ya ɗauke hannu daga kan kwamfuta, ya yi tsit. Ya san hannun. Manjo Muhyiddeen ne, maƙwabcinsa.

Bai damu ba, don tun fitar matarsa Saudatu da yarinyarsu kasuwa ya janyo takalminsa ciki. A benayen unguwar Cheras ba a shiga gida da takalmi, saboda haka mai son sanin ko kana nan ƙofarka kawai zai duba. Usaini ya zo Kuala Lumpur neman digiri na uku a kimiyya, amma kawo yanzu wannan dabarar ce babban abin da ya gano.

Manjo ba mugun mutum ba ne. Tsohon soja ne daga Kaduna, ya ƙare aikinsa a sashen rabon abinci, sai da ya yi ritaya ya faɗa yaƙi gadan-gadan. Shi ma karatu ya kawo shi, a kan rayuwar wani janar ɗin Jamus mai suna Wendelhorst. Iyalinsa suna gida, sai ya mai da mutanen benen ɗalibansa. Ba Bahaushen benen da bai san tarihin janar ɗin ba: ɗan manomi ne, ya shiga soja yana laftanar a yaƙin duniya na farko, ya rasa yatsu biyu, ya zama kanar a Faransa, aka ba shi janar a Rasha. Har Afnan, 'yar Usaini, ta san ƙarshen: an kewaye shi da dakarunsa cikin dusar ƙanƙara, ya yi ta kiran hedikwata ta rediyo, ba amsa.

"Littattafai sun ce wai rediyon ce ta lalace," Manjo yakan ce, yana buga tebur a shagon mai shayi da ake kira mamak har shayi ya zube. "Ƙarya ne, Malam Usaini! Sun ji shi. Shiru suka yi."

"Allah ya kyauta, yallaɓai."

"Kai dai ka ce shayinka ya huce."

Aka sake ƙwanƙwasawa, a hankali. Ana ruwan la'asar kamar da bakin ƙwarya.

"Malam Usaini?" Muryar ta fito a shaƙe. "Maman Afnan?"

Usaini ya dubi babin da malamarsa ke jira tun makon jiya. In ya buɗe, sai magariba kafin a fito daga Rasha. Ya ji numfashin mutumin ta bayan katako, ya ce a ransa tsufa ne da hawan bene.

"Ashe ba kowa," Manjo ya faɗa wa kansa. Silifas ɗinsa suka ja ƙasa zuwa wajen lif.

Usaini ya rubuta shafi guda cur, kuma shafin ya yi kyau.

Salatin Saudatu ne ya fito da shi. Ya sauka ƙasa ba takalmi. Manjo na zaune a kan bencin da ke gaban akwatunan wasiƙu, kansa a jingine da bango, hannunsa a ƙirji, rai ya yi halinsa, wayarsa ta mutu a aljihu. Hisham, Bamalayen da ke hawa na biyu, ya riga ya kira motar asibiti, amma ruwa ya tsayar da titi.

"Ya ce mini ƙirjinsa," in ji Hisham. "Ya ce maƙwabcinsa mai mota ba ya nan. Na ce to bari in kira, Baba, ka zauna. Ya zauna." Sai ya dubi Usaini. "Yanzu ka dawo?"

"Yanzun nan," in ji Usaini.

Asibitin yana bayan tashar jirgin ƙasa. Ana hango rufinsa daga tagar ɗakin girkin Usaini.

Washegari aka binne Manjo a maƙabartar Musulmi, bayan uwargidansa ta ce ta waya ƙasar Allah duk ɗaya ce. Usaini ne ya shiga kabari ya karɓi gawar, don kowa ya ce shi ya fi cancanta. A zaman makoki ma shi aka riƙa yi wa gaisuwa.

"Kai ne kaɗai ka iya da shi, wallahi," in ji Zahraddeen, shugaban ɗalibai. "Mu da mun hango shi sai mu canza hanya. Kai kuwa kana zaune, ana ta ba ka Jamus. Ladanka na wajen Allah."

Aka yi 'yar dariya, aka bi ta da addu'a. Usaini ya amsa da amin.

Da aka miƙa masa waya, Hajiya Hadijatu, matar marigayin, ta ce, "Kullum sai ya ambace ka, ɗana. Ya ce ko ba komai yana da mai buɗe masa ƙofa."

"Allah ya jiƙansa, Hajiya."

Shi aka bar wa haɗa kayan ɗakin. Ba su da yawa: kakin soja a leda, magungunan hawan jini, da babbar taswirar Rasha a bango, an soka mata allurai masu kawuna. Jajayen sun yi zobe. A tsakiya akwai shuɗiya guda ɗaya. Afnan ta leƙo.

"Abba, shi ne Janar ɗin Baba Manjo? Har yanzu ba su amsa masa ba?"

"Je ki wajen mamanki."

Ya naɗe taswirar ya koma gida. Saudatu na tsaye a bayan ƙofa da tsintsiya, tana kallon takalmin da ke jingine a lungu tun shekaranjiya. Da silifas ɗin masallaci ya je jana'iza, bai iya taɓa wannan ba.

"Abban Afnan," ta ce, "ran nan da na fita, a waje na bar shi."

Ta nuna takalmin da tsintsiyar.

"Kuma an yi ruwa. Ga shi a bushe."

Ta jira. Ya dubi taswirar da ke hannunsa. Ta sunkuya ta ɗauki takalmin, ta buɗe ƙofa, ta ajiye shi a waje, ta daidaita bakinsa yana fuskantar gida, ta wuce ɗakin girki.

Usaini ya daɗe a tsaye. Barandar ba kowa. A ƙofar Manjo tabarmar goge ƙafa ce kawai, da sawun inda silifas suka saba zama.