Buhunan da Tarho Bai Gani Ba

Ba don kamfani Tambara ta fara tsintar leda ba. Akuyarta ce ta daina cin abinci, tana ta ramewa, har aka kira mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe. Da ya farke cikin sai ga baƙar leda a dunƙule, ta kai girman ƙwarya. Tun daga ranar, duk Lahadi in kasuwar Filinge ta watse, sai a ga Tambara da buhu tana bin rumfuna. Wasu suna dariya, wasu suna cewa tsufa ya zo mata da wuri.

Shi ya sa da wani kamfani na Yamai ya zo neman matan da za su riƙa tara masa leda, ita aka fara nunawa. Suna da izin a can, wato masana'anta, in ji su, inda ake narka ledar a yi bokitai da duwatsun daɓe. Ta tara matan unguwarsu, suna wankewa, suna shanyawa, suna ɗurawa. Kowane buhu akan liƙa masa wata 'yar alama mai ɗigo-ɗigo, sai Nafi'u, wakilin kamfanin, ya haska ta da tarho. Ya ce da wannan ne mai sayen bokiti a ko'ina cikin duniya zai san daga inda ledar ta fito. Har hoton Tambara suka buga, babba, suka kafa a ƙofar biro, ofishinsu na garin.

Ana nan sai rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a garin, ya daɗe bai dawo ba. Ranar da kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya zo, Nafi'u ya yi ta ɗaga tarho sama, ya hau katanga, ya sauko, babu. Buhuna kuwa sun cika tsakar gidan Tambara, ko wurin daka babu. Ya kira Yamai da wani layi daga bakin gari, ya dawo ya ce a loda, a can za a san yadda za a yi. Aka loda ba a haska ko buhu ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki ƙanenta Gado, mai kiwo a ƙasan dallol, babban kwarin da ya ratsa yankin, ya shigo da hantsi ko sallama bai ƙarasa ba.

"Yaya, taso ki gani da idonki."

"Lahiya?"

"Ba lahiya ba. Awakina na mutuwa, kuma aikinku ne."

Ta bi shi a amalanken jaki. A wani kwari kusa da hanyar Yamai ta ga tsibin. Buhunansu ne, ɗinkin hannunsu, wasu sun fashe da aka jefo su, wasu awaki sun yaga. Iska ta kwashi ledar ta rataya a kan kowace ƙaya. Ledar da suka durƙusa suka tsinta ɗaya bayan ɗaya, suka wanke da ruwan da suka ja da igiya, ga ta an tattaro ta wuri guda an kawo wa dabbobi har makiyayarsu. Wata tunkiya tana tsaye tana tauna. Tambara ta sauko ta zare ledar daga bakinta.

Daga nan ba ta biya gida ba, biro ta nufa. Nafi'u na ganinta ya miƙe.

"Inna, sannu da..."

"Aje gaisuwa. Wa ya zubar?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce Sahabi direba ya kai kayan har ƙofar izin, aka hana shi shiga. Masu sayen kayansu na waje ba sa karɓar abin da aka yi da ledar da na'ura ba ta san asalinta ba. In aka gauraya, duk aikin watan ya lalace. Aka ce ya koma da su inda ya ɗauko. Shi kuma da ya iso kusa da gari sai aka kira shi, wani lodi na jiransa, aka ce ya sauke ya juyo, ya kuwa sauke a kwarin.

"Su ba su san inda ta hito ba? Hotona na ga ƙoharku. Ba ni kunka ce duniya duka na gani ba?"

"Inna, a cikin tarho buhunan nan babu su."

"Babu su. To mi awakin Gado sunka ci?"

Ya jawo tarhonsa. Abin da ya fi ƙona mata rai, da ta matsa, shi ne ya nuna mata shafin kamfanin, inda aka rubuta cewa a wannan watan ma ba a zubar da komai ba a ƙasar Kurfai, yankin nasu. Tunda buhunan ba su shiga tarho ba, ba su ɓata ba.

Washegari matan suka sauka kwarin. Wuni suka yi suna ciro leda daga ƙaya, hannuwa duk jini. Ledar da ta yi nisa kuwa ta tafi kenan. Suka loda a amalanke, suka kawo ƙofar biro suka jibge, har tsibin ya rufe hoton. Tambara ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Ta ce ba buhu ɗaya da zai ƙara fita daga Filinge sai mai kamfanin ta zo da kanta.

Ta zo. Madam Latifa sunanta, mace mai sanyin murya, kuma ta je kwarin ta gani. Ta ba da haƙuri. Ta ce za a gyara tarhon ya riƙa ɗaukar alama ko babu rezo, abin da ashe ba wani aiki ba ne, ba wanda ya tuna ne kawai. Sannan ta ƙara da cewa an riga an kori direban.

"Sahabi kunka kora?" in ji Tambara. "Wanda ya hana shi shiga fa? Wanda ya ce shi sauke?"

"Ana bincike, Inna."

"Da awakin ƙanena?"

Nan ma bincike. Tambara ta kalle ta, ta naɗe tabarmarta.

An gyara tarhon, ba a yi ƙarya ba. Sahabi yana tashar mota yanzu, yana jiran ranar da wani direban zai kwanta ciwo ya karɓi tuƙi. Gado ya kora ragowar garkensa can wajen Sanam, kuma ya daina shiga gidan yayarsa. Wasu matan sun bar aikin. Tambara ba ta bari ba, don kasuwa na ci kowace Lahadi, leda na zuba. Amma duk ranar lodi sai ta sa an ba ta lambar direba, ta yi ta kiransa yana hanya, ba ta barinsa sai ya ce mata ya shiga ƙofar izin an sauke.