Kwaɗayin Tatu

"Ajiye kwandon nan a waje, Mama," in ji mai gadin otal ɗin, hannunsa ɗaya a kan hanci. "Ke ki shiga, amma ban da doriyani."

Dattijuwar, Bi Mwanakombo, ba ta ajiye ba. Tun daga ƙauyensu Kizimbani ta ɗauko shi, mota biyu, kowane kwandasta sai da ya yi mata tsiya kan wari kafin ya wurga kwandon saman mota. Guda biyu ne, manya, masu ƙaya kamar bushiya, daga bishiyar bayan gidanta. Da kansu suka faɗo, don doriyanin kirki ba a tsinko shi.

'Yarta Tatu, mai aiki a kicin ɗin otal ɗin, ita ta bugo waya jiya tana kuka. Ciki gare ta, kome ta ci sai ya dawo, doriyanin gida kawai ranta ke so. Ta kuma haɗa uwar da Allah kada zancen cikin ya fita, domin a wannan otal, mace in cikinta ya bayyana ba a sabunta mata aiki. Ga mijin kuma kwalekwalensa ya fashe, albashinta ne ke riƙe da gidan.

Uwar ta dubi mai gadin. "Kai Makame, ba kai ne ɗan Bi Mboja ba? Da me aka yaye ka in ba wannan ba? Yau kai ne mai toshe hanci?"

"Doka ce, Mama. Baƙi ba sa son warin."

Baƙi! Abin ya zo mata wuya. Ita da kullum take ganin ana sauke su a gonakin Kizimbani, an ɗora musu hular kaba kamar 'yan wasa, su biya kuɗi a ɗanɗana musu 'ya'yan itatuwa irin su shokishoki da fenesi, a miƙa musu doriyani a bakin cokali, su yamutsa fuska, su tofar, a ɗauki hoto ana shewa. Can abin mamaki ne, nan kuma ya zama ƙazanta. Ai ko rashin kunya yana da iyaka.

Hayaniyar ce ta fito da Madam Neema, shugabar ma'aikata, da takalminta mai tsini.

"Lafiya, Mama? Nan ba kasuwa ba ce."

"Na ce miki sayarwa na zo yi? 'Yata na kawo wa. Tatu."

"To, ta ci in ta je hutu gida. Lokacinsa bai wuce ba."

"Ta jira hutu? Ku da kuke dafa kifin teku mai hannu takwas da madarar kwakwa, ku zare barkono, ku zare tafarnuwa, ku ce abincinmu ne? Kun lalata namu a ciki, na waje kuma kun hana shi shiga!"

"Mama, rage murya. Rashin doriyani bai taɓa kashe kowa ba."

"Ke kin taɓa haihuwa kuwa? A ina aka taɓa hana mai ciki abin da take kwaɗayi? In jikana ya fito da tabo a jiki, ke za ki goge masa?"

Makame ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Bi Mwanakombo ta ji maganar tata ta dawo mata a kunne, amma magana zarar bunu ce.

"Ikon Allah," in ji Madam Neema, da wani murmushi mai sanyi. "Ashe barka za mu yi. Makame, kira min Tatu ofis."

Uwar ta koma gindin katanga ta zauna, kwandon a gabanta, tana jin haushin otal, da baƙi, da bakinta fiye da kowa. Sai bayan la'asar Tatu ta fito, ba rigar aiki a jikinta, da 'yar jaka a kafaɗa. Ta tsuguna, ta karɓi wuƙa, ta bi tsagin doriyanin ta ɓare shi, ta ci da hannu, idonta a rufe, har ta suɗe yatsu.

"Tatu, wallahi bakina ne…"

"Ya yi daɗi, Mama." Ta mayar da ɗayan cikin kwando, ta ɗora a kanta. "Tashi, kada motar gida ta wuce mu."